Sabbin matakan tsaro a Java: abin da JDK 24 da 25 suka kawo, da abin da suka kawar

A ranar 18 ga Maris, 2025 aka fitar da JDK 24, wato kunshin kayan aikin harshen rubuta manhaja na Java, sannan JDK 25 ya biyo baya a ranar 16 ga Satumba, 2025. Labarai biyu ne suka fi yawo game da su, kuma kowanne ya jawo ruɗani. Na farko shi ne cewa Java ta samu makullan da kwamfutar kwantum, wata sabuwar irin kwamfuta da ake ƙoƙarin ƙerawa wadda ke lissafi ta wata hanya dabam, ba za ta iya fasawa ba, abin da ya sa wasu suka ɗauka cewa duk manhajar da aka gina da Java ta tsira ke nan. Na biyu shi ne cewa an kashe wani ɓangaren tsaro mai suna Security Manager wanda ya kusan shekara talatin a cikin Java, har wasu suka fahimci cewa an bar ƙofa a buɗe. Duka fahimtar biyu sun wuce gona da iri, domin abin da aka yi shi ne samar da kayan aiki da kuma sauya wurin da nauyin tsaro ya rataya, amma kariyar da kanta ba ta isa ga mai amfani sai wasu matakai sun biyo baya.

## Mene ne JDK, kuma me ya sa sabuntawarsa ta shafi kowa

Java harshe ne na rubuta manhaja wanda kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 1995, kafin Oracle ya sayi kamfanin a 2010. Manhajar da aka rubuta da Java ba ta aiki kai tsaye a kan kwamfuta, sai ta hanyar wani inji na manhaja da ke tafiyar da ita, tare da tarin kayan aiki da aka riga aka tanada, irin su na buɗe fayil, na haɗuwa da intanet da na kulle bayanai. Wannan kunshi gaba ɗaya shi ake kira JDK, ana kuma haɓaka shi a fili a ƙarƙashin aikin OpenJDK, inda kowane babban sauyi yake shigowa ta wata rubutacciyar shawara mai lamba da ake kira JEP.

Ana fitar da sabon JDK duk wata shida, amma ba kowanne ne ake ci gaba da yi wa gyara na tsawon shekaru ba. Waɗanda ke samun wannan kulawa su ne 8 na 2014, da 11 na 2018, da 17 na 2021, da 21 na 2023, sai 25. Bankuna da kamfanonin sadarwa da hukumomi, waɗanda yawancin manyan na'urorinsu na baya suke aiki da Java, a kan irin waɗannan suke tsayawa. Saboda haka JDK 25 ya fi 24 muhimmanci a aikace, domin ta wurinsa ne sauye-sauyen za su fara shiga wuraren da ake ajiye kuɗin mutane da bayanansu.

## Tushen damuwar: lissafin da ya riƙe intanet

Kulle bayanai iri biyu ne. Akwai wanda mabuɗi ɗaya ne ke rufewa kuma shi ke buɗewa, kamar AES, wanda yake da sauri amma yana buƙatar ɓangarorin biyu su mallaki mabuɗin tun kafin su fara magana. Akwai kuma mai mabuɗi biyu, ɗaya na fili da ɗaya na sirri, wanda yake kama da mutum ya raba wa jama'a kwaɗo a buɗe ya riƙe ɗan makullin a hannunsa: kowa zai iya datse saƙo ya aiko masa, amma shi kaɗai zai buɗe. Da wannan nau'i na biyu ne wayar mutum da na'urar bankinsa suke yarjejeniya a kan mabuɗin sirri ba tare da sun taɓa haɗuwa ba, da shi ne kuma ake sa hannu na dijital don tabbatar da cewa shafi ko manhaja daga mai ita ta fito.

Tsarin RSA, wanda aka ƙirƙira a 1977, ya dogara ne da cewa ninka lambobi abu ne mai sauƙi amma gano waɗanda aka ninka yana da wuya. Kowa zai gane cewa 15 ta fito daga 3 da 5, amma lambar RSA mai bit 2048 tana da alƙaluma 617, kuma babu kwamfutar da ake da ita a yau da za ta iya warware ta. Sauran tsare-tsaren da ake amfani da su, irin su X25519 da ECDSA, sun dogara da wata matsalar lissafi daban mai kama da wannan wajen wahala. A 1994 masanin lissafi Peter Shor ya nuna cewa kwamfutar kwantum mai cikakken ƙarfi za ta iya warware matsalolin biyu cikin lokaci kaɗan. AES bai shiga wannan hatsari sosai ba, domin dabarar da ta shafe shi, wadda Lov Grover ya gabatar a 1996, rage masa ƙarfi kawai take yi, kuma mabuɗi mai bit 256 ya isa ya rufe giɓin.

Irin wannan kwamfuta ba ta wanzu ba tukuna. Guntun kwamfutar kwantum mai suna Willow da Google ya bayyana a Disamba 2024 yana da kubit 105 ne kacal, kubit kuwa shi ne ƙwayar da irin wannan kwamfuta ke lissafi da ita. Sai dai ƙiyasin abin da ake buƙata yana raguwa: a 2019 Craig Gidney da Martin Ekerå sun ƙiyasta cewa kubit miliyan 20 za su fasa RSA mai bit 2048 cikin awa takwas, a Mayu 2025 kuma Gidney ya sauko da adadin zuwa ƙasa da miliyan ɗaya, cikin ƙasa da mako guda. Abin da ya sa ba a jira ba shi ne, mai leƙen asiri zai iya kwashe bayanan da aka kulle yau ya adana su, ya jira ranar da zai samu injin buɗe su. Bayanan lafiya da na tsaron ƙasa da na kasuwanci da ake so su kasance sirri na shekara ashirin suna cikin hatsari tun daga yanzu, ko da injin zai ɗauki shekara goma sha biyar kafin ya samu.

## Sabbin makullan biyu

Hukumar NIST, mai tsara ƙa'idojin fasaha a Amurka, ta buɗe gasar neman madadin waɗannan tsare-tsare a 2016, kuma a ranar 13 ga Agusta, 2024 ta fitar da ƙa'idoji uku na farko, wato FIPS 203 da 204 da 205. JDK 24 ya ɗauki biyu daga ciki. JEP 496 ya kawo ML-KEM, wanda a lokacin gasar ake kira Kyber, aikinsa kuwa shi ne yarjejeniya a kan mabuɗin sirri. JEP 497 ya kawo ML-DSA, wanda a da ake kira Dilithium, domin sa hannu na dijital.

Dukansu sun dogara ne da wata matsala ta daban, wadda za a iya ganinta a ƙaramin misali. A ce sirrin shi ne lambobi biyu, 2 da 5. Idan aka gaya wa ɗalibi cewa ta farko sau uku da ta biyu sau huɗu sun ba da 26, sannan ta farko sau biyar da ta biyu sau ɗaya sun ba da 15, zai gano sirrin cikin minti ɗaya. Amma idan aka gurɓata amsoshin da gangan, aka ce 27 da 14, ba tare da an faɗi nawa aka ƙara ko aka rage ba, hanyar da aka saba bi ta lalace. Da lambobi biyu har yanzu ana iya canka, amma a ML-KEM-768 lambobin sirrin 768 ne, kuma duk lissafin yana zagayawa ne a kan 3329, ta yadda ƙananan kurakuran suke taruwa su ɓatar da duk wanda ba shi da mabuɗin. Har yanzu ba a san wata dabara, ta kwantum ko ta kwamfutar yau da kullum, da ke warware wannan cikin sauri ba.

Ga mai rubuta manhaja, amfani da su bai bambanta da na tsofaffin ba. Idan ya rubuta KeyPairGenerator.getInstance("ML-KEM") zai samu makullan matakin tsakiya, wato ML-KEM-768, sai dai idan ya nemi 512 ko 1024. Haka ML-DSA yake da matakai uku, 44 da 65 da 87. An share fagen wannan tun a JDK 21, inda JEP 452 ya samar da ƙofar da irin waɗannan dabaru za su shiga ta cikinta. JDK 25 ya ƙara da kammala JEP 510, hanyar fitar da makullai da yawa daga sirri ɗaya bisa tsarin HKDF, wadda take da amfani musamman idan ana son haɗa sirrin da ya fito daga tsohuwar dabara da na sabuwa. Ya kuma gabatar da JEP 470 a matsayin gwaji, domin karanta da rubuta makullai da takardun shaida a tsarin PEM, aikin da masu manhaja suka daɗe suna yi da hannu suna tafka kurakurai a ciki.

Farashin sabbin makullan yana cikin girmansu. Mabuɗin fili na X25519 bayit 32 ne, na ML-KEM-768 kuwa bayit 1184 ne, amsar da ake mayarwa kuma bayit 1088. Sa hannun Ed25519 bayit 64 ne, na RSA mai bit 2048 bayit 256, amma na ML-DSA-65 ya kai bayit 3309. Wajen saurin lissafi sabbin ba su da matsala, nauyin yana kan abin da ake aikawa ta waya. Lokacin da burauzar Chrome ta kunna irin wannan musayar mabuɗi ga kowa a Afrilu 2024, an samu na'urorin tace zirga-zirgar intanet da suka riƙa yanke haɗi, saboda an gina su a kan zaton cewa gaisuwar farko tsakanin burauza da saba, wato na'urar da ke ɗauke da shafin, ba za ta wuce fakiti ɗaya ba, wato ƙunshi ɗaya na bayanan da ake aikawa.

## Inda aikin ya tsaya

A nan ne mafi yawan ruɗanin yake. Kasancewar ML-KEM a cikin JDK ba ya nufin manhajar Java tana amfani da shi idan ta haɗu da wata ta intanet. Irin wannan haɗi yana bin ƙa'idar TLS ne, wadda ke kulle haɗin intanet, kuma a JDK 24 da 25 ɓangaren TLS na Java bai fara amfani da sabbin makullan ba. An ware wa wannan aiki wata shawara daban, JEP 527, wadda ta tanadi haɗa ML-KEM da tsohuwar dabara a cikin TLS 1.3. Ke nan kamfanin da ya koma JDK 25 ya samu abin da zai gina kariya da shi a cikin manhajarsa, amma haɗin da na'urorinsa ke yi da na waje yana nan a kan tsohon lissafi, sai idan akwai wata na'ura a gaba da ke ɗaukar nauyin TLS a madadinsa.

A wannan fanni wasu sun riga Java. Harshen Go, a fitowarsa ta 1.24 a Fabrairu 2025, ya kunna haɗin X25519 da ML-KEM-768 a TLS ba tare da mai manhaja ya yi komai ba, OpenSSL 3.5, wani kunshin kayan kulle bayanai, ya yi haka a Afrilu 2025, OpenSSH kuwa, manhajar shiga na'ura daga nesa, tun 2022 yake amfani da musayar mabuɗi mai jure kwantum. Masu kula da Java sun zaɓi su jira ƙa'idojin su zauna kafin su saka su, kuma akwai hujja a cikin wannan, domin abin da ya shiga JDK mai dogon zango yakan zauna shekaru da dama, cire shi kuma yana karya manhajojin da suka dogara da shi. Chrome da kanta sai da ta sauya daga Kyber na gwaji zuwa ML-KEM na ƙarshe a Nuwamba 2024, domin su biyun ba sa fahimtar juna.

Sa hannu ya fi musayar mabuɗi wahalar sauyawa. Takardar shaidar shafi tana ɗauke da jerin sa hannu daga hukumomin da ke bayar da ita, don haka sai waɗannan hukumomi da burauzoji da na'urorin ajiye makullai duk sun shirya tare. Amma gaggawarsa ba ta kai ta musayar mabuɗi ba, tunda ba za a iya komawa baya a yi jabun sa hannun da aka riga aka tantance ba. Inda abin ya fi matsawa shi ne na'urorin da za su daɗe suna aiki, waɗanda za su ci gaba da karɓar sabuntawa da mabuɗin da aka dasa musu tun daga masana'anta.

## Saɓanin masana a kan yadda za a yi ƙaura

Ba a saɓa a kan cewa za a yi ƙaura ba, saɓanin yana kan ko za a dogara da sabuwar dabara ita kaɗai ko a haɗa ta da tsohuwa. Hukumomin tsaron intanet na Jamus da Faransa, wato BSI da ANSSI, suna ba da shawarar haɗawa, ta yadda sai an fasa duka biyun kafin sirri ya tonu. Hujjarsu tana da ƙarfi idan aka duba abin da ya faru a 2022. A shekarar ne Ward Beullens ya fasa Rainbow, ɗaya daga cikin waɗanda suka kai zagayen ƙarshe na gasar NIST, da kwamfutar tafi-da-gidanka cikin kwanaki kaɗan, sannan Wouter Castryck da Thomas Decru na jami'ar KU Leuven da ke Beljiyam suka fasa SIKE, wata dabarar da ita ma take cikin gasar, da kwamfuta ta yau da kullum cikin kimanin awa guda. Dukansu sun shafe shekaru ana bincikarsu kafin a gano raunin.

Hukumar tsaron ƙasa ta Amurka, NSA, kuwa, a tsarinta na CNSA 2.0, ta zaɓi ML-KEM-1024 da ML-DSA-87 ba tare da ta wajabta haɗawa ba. Masu wannan ra'ayi suna cewa haɗa dabaru biyu yana ƙara sarƙaƙiya, sarƙaƙiya kuma ita ce mafakar kurakurai, sannan zai tilasta yin ƙaura ta biyu nan gaba idan aka zo cire tsohuwar. Suna kuma nuna cewa lissafin da ML-KEM ya dogara da shi daban yake da na Rainbow da SIKE. A aikace dai burauzoji da manyan laburaren TLS, wato guntayen manhaja da aka riga aka rubuta waɗanda wasu ke ara, sun karkata ga haɗawa, domin ƙarin bayit 32 na X25519 ba wani nauyi ba ne a kan fiye da dubu. NIST ma ta yi tanadin ko-ta-kwana, inda a Maris 2025 ta zaɓi HQC, wanda ya dogara da wani lissafi dabam, a matsayin madadin ML-KEM.

Game da lokaci, daftarin da NIST ta fitar a Nuwamba 2024 ya ba da shawarar a daina ƙarfafa amfani da makullai masu ƙarfin RSA mai bit 2048 bayan 2030, a kuma haramta RSA da danginsa gaba ɗaya bayan 2035. Wannan jadawali ya shafi hukumomin Amurka ne kai tsaye, amma kamfanonin da ke sayar musu da manhaja su ne ke sayar wa sauran duniya.

## Abin da aka kawar

Security Manager yana cikin Java tun fitowarta ta farko. An yi shi ne domin zamanin da burauza ke sauko da ƙananan manhajojin Java daga shafukan da ba a sani ba ta tafiyar da su, don haka ake buƙatar mai gadi a cikin injin da zai hana su karanta fayil ko buɗe haɗi ba da izini ba. Wannan zamani ya wuce. An sanar da shirin cire shi a JDK 17 ta JEP 411, sannan JEP 486 ya kashe shi gaba ɗaya a JDK 24. Yanzu idan aka yi ƙoƙarin tayar da manhaja tare da umarnin kunna shi, injin zai nuna kuskure ya tsaya.

Hujjar masu kula da OpenJDK ita ce, ba a kunne yake zuwa ba, kaɗan ne daga cikin manhajojin saba suke kunna shi, rubuta dokokin izininsa yana da wahala har wasu kan ba da izinin komai don su huta, amma duk da haka kowane sabon ɓangare na JDK sai an yi masa aikin daidaitawa da shi. Sun ce killace manhaja ya fi inganci idan aka yi shi daga waje, ta hanyar kwantena, wato keɓaɓɓen wurin da ake killace manhaja a cikinsa, ko matakan da babbar manhajar kwamfuta ke bayarwa. Masu adawa kuwa sun kafa hujja da matsalar Log4Shell ta Disamba 2021, lokacin da rauni a laburaren Log4j ya ba maharan damar tafiyar da umarninsu a kan na'urori masu yawa, amma kamfanin Elastic ya bayyana cewa Security Manager ya hana hakan a manhajarsa ta binciken bayanai, Elasticsearch 6 da 7. Maganarsu ita ce kwantena tana killace manhaja ne a dunƙule, ba ta iya bambance laburaren da ya cancanci buɗe haɗi da wanda bai cancanta ba. Wannan giɓi na gaske ne, kuma JDK bai kawo madadi ba, shi ya sa Elasticsearch da takwaransa OpenSearch kowanne ya gina nasa tsarin killacewa.

Akwai wasu ƙananan sauye-sauye da ba su yi suna ba amma sun fi saurin taɓa aiki. JDK 24 ya kashe rukunin tsofaffin hanyoyin kulle haɗi mai suna TLS_RSA, wanda a cikinsa duk wanda ya sace mabuɗin saba zai iya buɗe tsofaffin hirarrakin da ya adana, JDK 25 kuma ya daina karɓar sa hannun da aka yi da tsohuwar dabarar SHA-1 a gaisuwar TLS. Haka nan JDK 24 ya fara gargaɗi idan manhaja ta yi amfani da JNI ko wasu hanyoyin sun.misc.Unsafe, waɗanda ke ba ta damar tsallake kariyar da injin ke yi wa ma'adanar kwamfuta.

## Tasiri ga masu manhaja da sauran jama'a

Mai amfani da manhajar banki ko shafin wata hukuma ba zai ga wani sauyi a fuskar wayarsa ba, kuma babu abin da zai danna don ya kunna sabbin makullan. Wayoyin Android ma, duk da cewa ana rubuta manhajojinsu da Java ko Kotlin, suna da nasu injin daban, don haka sabuntawar JDK ba ta isa gare su kai tsaye. Abin da ke hannunsa shi ne sabunta burauza da waya, domin ɓangarensa na haɗin ya kasance a shirye duk ranar da ɗaya ɓangaren ya shirya. Abin da zai iya fuskanta shi ne tangarɗa ta ɗan lokaci, idan wata cibiya ta sabunta na'urorinta alhali abokiyar hulɗarta tana kan tsohon tsarin da aka kashe.

Nauyin ya fi yawa a kan cibiyoyi. Wadda har yanzu take kan Java 8 ko 11 tana da tazarar shekaru da za ta cike kafin ta kai ga waɗannan kayan aiki, kuma wadda manhajarta ta dogara da Security Manager ba za ta wuce JDK 23 ba sai ta sake tsarin killacewarta. Aikin farko, wanda ya fi cin lokaci, shi ne gano duk inda aka yi amfani da RSA ko danginsa: a cikin manhajar da aka rubuta, a laburaren da aka aro, a takardun shaida, a na'urorin ajiye makullai, da kuma a ma'ajiyar bayanai inda wataƙila an ware wa sa hannu gurbin bayit 256 kawai, gurbin da sa hannu mai bayit 3309 ba zai shiga ba. Bayan haka sai a jera su bisa tsawon lokacin da ake so bayanan su kasance sirri, a fara da musayar mabuɗin da ke kare waɗanda za su fi daɗewa.